Duba Mini Bayana

Asabar, 8 ga Yuni, hantsi

36.6. Ban mutu ba.

Valdete, nas ɗin ƙaramin asibitinmu, ce ta kawo mini littafin nan da tsinken awon zafi. Wai in auna jikina safe da yamma har kwana goma sha huɗu, in rubuta. Daga bakin ƙofa ta miƙo su, hannu cikin safar roba, baki a rufe da ƙyalle. Na ce, "Valdete, ni ce fa, Zarife. Da hannun nan na yanke miki cibi." Ta ce, "Na sani, Goggo, doka ce." Doka! To, lamba ɗaya ba ta cika shafi, don haka sauran farar takardar tawa ce, zan zuba abin da na ga dama.

Jiya motar asibiti ta tafi da mijina Hajriz babban birni, Prishtina. Shekara talatin da huɗu da aurenmu bai taɓa kwana a gadon asibiti ba. Sun ce ciwon kaska ne, mai tsinka jini. Duk shekara in zafi ya shigo ana jin labarinsa a ƙauyukan nan na Malisheva, amma kullum a gidan wasu. Haɓo ya yi ta yi har ya jiƙa tawul biyu. Na ƙone su kamar yadda aka ce.

Zai dawo. Ga shi na rubuta.

Asabar, bayan la'asar

36.7.

Yau askin tumakin Yaya Shaip ne, wan Hajriz, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Makon jiya namu aka yi. Haka ake yi tun kafin a kawo ni gidan nan: maza su haɗu yau a garken wannan, mako mai zuwa a na wancan, mu mata mu wuni kan garwashi muna gasa musu fliya, ƙullu bisa ƙullu har ta yi tudu. Ni ce mai zuba ƙullu a dangin nan, kowa ya sani. Ta faccalata Feride, matar Yaya, kullum tsakiyarta ɗanya ce. Yau ba wanda ya aiko a kira ni. Ina jin ƙarar almakashi, ina jin ƙaurin fliyarta tana ƙonewa. Allah ya ƙara.

Na hau kan bokiti na leƙa. Suna nan yadda suka saba. Wanda ya ci karo da kaska a kunnen tunkiya ko ƙarƙashin wutsiya sai ya tsinke ta da hannu, ya ɗora kan gungumen shinge, ya danna da farcen babban yatsa, ɗas, jini ya fantsama, a yi dariya.

Na ce, "Yaya, ku sa safar hannu mana! Ba ku ga ƙaninku ba?"

Bai ko juyo sosai ba. Ya ce, "Amarya, sauka kar ki karye. Tumakina lafiyarsu ƙalau, dube su. Ciwo a gidanku yake, ki riƙe shi can."

Shekara talatin da huɗu, jikoki uku, har yau Amarya. Na sauka. Ban zage shi ba, amma kaji sun ji ra'ayina a kansa.

Lahadi, 9 ga Yuni, safe

36.5. Ban mutu ba. Mai motar ɗaukar madara ya wuce ƙofarmu ko birki bai taka ba. Na dafa madarar na yi cuku. Wanda ba ya so ya bari, ko a jikina.

Lahadi, la'asar

A garin nan ko yatsa mutum ya yanke gidansa sai ya cika da 'yan dubiya, takalma har bakin titi, buta ba ta sauka daga wuta. Sa'ad da mahaifiyar Feride ta kwanta, ni na wuni ina zuba wa baƙinta shayi kwana tara. Yau na wanke ƙananan kofuna goma sha biyu, na jera a faranti, na yanka lemun tsami, na zauna.

Na shanye huɗu ni kaɗai. Shayin ya yi daɗi, su suka yi asara.

'Yarmu Lumnije ta kira daga Suwizalan tana kuka, wai za ta taho. Da cikin wata takwas! Na ce, "In kika hau jirgi, wallahi ni zan mayar da ke da mari. Ubanki ya fi ƙarfin ƙwaro." Ta ce, "Inna, yaya aka yi bai je asibiti da wuri ba?" Na ce waya ba ta da kyau, ba na jin ta.

36.6.

Litinin, 10 ga Yuni, gab da magariba

Na je Prishtina. A bas kujerar da ke gefena ba wanda ya zauna har muka isa, mutum uku a tsaye. Na ɗora jakata a kai na miƙe ƙafa. Ban taɓa tafiya cikin jin daɗi haka ba.

Ta gilashi ake ganin sa. An rage hasken ɗakin saboda haske yana soka masa ido. Damtsensa, inda aka sa allura, jini ya kwanta baƙi ƙirin har zuwa hammata, ƙirjinsa duk ƙananan ɗigo ja. Mutumin da ke ɗaga rago da hannu ɗaya. Na ƙwanƙwasa gilashin. Ya buɗe ido, ya gan ni, na tabbata ya gan ni. Sai ya juya ya ba ni baya, ya fuskanci bango.

Nas ta ce haka ciwon yake, yana rikita mutum, yau faɗa gobe barci. To. Ita ta sani.

Likitar, wata doguwa mai furfura, ta zaunar da ni da takarda a hannu. Wa ya cire kaskar? Da me? Yaushe zazzaɓi ya fara? Ya sha wani magani a gida? Na amsa abin da na amsa. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Kin tabbata, Uwa?" Na ce, "Ni na yi kama da wadda ba ta san gidanta ba?" Ta rubuta.

36.8. Zafin bas ne.

Talata, 11 ga Yuni, safe

36.6. Ban mutu ba. Asibiti sun ce yanzu har dasashinsa jini yake yi. Ba zan rubuta sauran ba.

Talata, azahar

An zo an yi wa shanu da tumaki feshi, an ce in yanke ciyawar bayan gida har ƙasa. Na yanke da kaina da laujen Hajriz, wando cushe cikin safa kamar mahaukaciya. Yaran makwabta suna dariya ta saman katanga. Su yi.

Valdete ta zo duba lambobi. Na naɗe shafin na nuna mata gefen lambobin kawai. Ta kawo mini hantsaki sabo fil, ta tsaya a tsakar gida tana yi mini karatu. Wai dabba tana ɗauke da ciwon amma ita ba ta nuna komai, tana cin ciyawarta lafiya lau. Wai kaskar mai ratsi-ratsi a ƙafa ita ce muguwar, har bin mutum take yi da gudu. In ta kama, ba a zuba mata mai, ba a ɗosa mata taba, ba a murɗe ta, ba a fasa ta da farce. A kama kanta da hantsaki dab da fata, a ja a miƙe, ko kuma a zo wurinta ta cire. In zazzaɓi ya biyo baya, ko ciwon kai da ciwon baya farat ɗaya, ranar nan a taho, kada a jira gobe. "Kuma Goggo, ban da asfirin. Shi ne ke ƙara tsinka jinin."

Na ce, "Na sani."

Ta ce, "Na san kin sani, faɗa nake yi."

Da ta tafi na shiga ɗaki na buɗe kabad. Na rufe. Na je na ba kaji ruwa, alhali akwai ruwa a gabansu.

Talata, yamma

36.7. Duk yamma in Hajriz ya dawo daga garke yakan tuɓe riga a kan bencin ƙarƙashin inabi, ya juyo mini baya ya ce, "Tsohuwa, duba mini bayana." Tun ina amaryar gaske. Yau na wuce bencin sau uku ban zauna ba.

Laraba, 12 ga Yuni, bayan la'asar

Wannan kam dole sai na rubuta.

Da hantsi ina shanya, sai na ji "Zarife, Zarife" a hankali ta ramin katanga. Feride ce. Kwana biyar ba ta ce mini ko sannu ba. Na ce, "A'a, yau wa nake gani? Ba ki tsoron iskar gidanmu?"

Ta ce, "Bar wannan, don Allah. Kina da asfirin? Namu ya ƙare. Yayanki ne rana ta buge shi, tun jiya kansa kamar zai tsage, bayansa kuma ya riƙe. Ɗora mini a kan katanga kawai."

Kwandon wankin ya faɗi daga hannuna. Na ce, "An cire masa kaska?"

"Wata 'yar ƙarama ce a bayan gwiwa, ran Lahadi. Shi ya tsinke abarsa."

Ban bi ta ƙofa ba. Bokitin nan na taka na haura katangar, ni mai shekara hamsin da shida, siket ya yage har cinya. Feride tana ihu, "Kar ki shigo mana!" Na ture ta na faɗa ɗakin maza, inda ban taɓa shiga ba sai da farantin shayi. Yana kwance ya rufe ido da hula, fuska ja wur kamar tattasai. Maza biyu na zaune suna yi masa sannu. Da suka gan ni suka manne da bango.

Ya ce, "Amarya, wa ya ba ki izini? Fita!"

Na ce, "Tashi, Yaya, asibiti za ka."

"Saboda ciwon kai? Namiji da ni?"

Nan ne abin ya fashe. Maganar da na yi kwana goma ina haɗiyewa ita ce ya tofo mini da bakinsa. Na ce:

"Haka na ce wa ƙaninka! Ni na ce masa! Ranar askinmu da yamma na samu kaska a bayansa, ƙasan kafaɗa, ta ƙoshi. Na zuba mata man fitila, na murɗe ta da hannu, na fasa ta da farcen nan, ga shi, dube shi. Ya ce, bari in je Valdete ta duba, an ce ta bana muguwa ce. Na yi masa dariya. Na ce, namiji da kai za ka je asibiti saboda kaska, a ji a gari? Ran Talata zazzaɓi ya kayar da shi, na ce rana ce. Kwana uku ina ɗura masa asfirin safe da rana da yamma, ina lulluɓe shi da bargo, har jini ya ɓalle ta hanci. Ni na yi. Yanzu in kana so matarka ta zauna tana wanke kofunan da ba mai sha, ci gaba da kwanciya!"

Feride ta toshe baki da ɗankwali. Yaya Shaip ya ɗaga hular daga idonsa ya dube ni, ya daɗe. Sai ya ce wa ɗaya daga cikin mazan, "Isuf, kawo mota."

Ban yi kuka a gidansu ba. Ta ƙofa na fito, kaina a sama, cinya a waje.

Da na shigo na kira likitar nan mai furfura. Na ce, "Ranar nan ƙarya na yi miki." Na faɗa mata duka. Ta ce, "Ƙwaya nawa a rana?" Na faɗa. Ta ce, "Gara da kika faɗa. Ke kuma akwai rauni a yatsanki?" Na ce babu. Ta ce in ci gaba da awo kada in tsallake ko sau ɗaya. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

36.9.

Alhamis, 13 ga Yuni, safe

36.6. Ban mutu ba. Yanzu duk gari ya san abin da Zarife ta yi. Su sani. Na gaji da ɗaukar sa ni kaɗai.

Alhamis, la'asar

Sun kira daga asibiti. Hajriz jini yake buƙata, da yawa, yau. Nawa ba za su karɓa ba.

Na sa takalmi na tafi masallaci ana fitowa daga azahar. Na tsaya a tsakiyar hanya inda ba mai iya wucewa sai ya kauce mini. Na ce, "Ba shayinku nake roƙo ba, ba gaisuwarku ba. Wane ne a cikinku Hajriz bai aske wa tumaki ba? Ya ɗaga hannu in gani." Ba wanda ya ɗaga. Na ce, "To, jini yake so." Na juyo na dawo, ban tsaya jin amsa ba.

Valdete ta ce mota biyu suka cika da masu zuwa ba da jini. An mayar da mutum bakwai, duk waɗanda suka fasa kaska da farce ranar Asabar, an ba kowannensu littafi da tsinke irin nawa. Manyan maza, yanzu kowa na zaune a gida da tsinke a hammata! Wallahi na yi dariya har na riƙe ciki. Waɗanda aka ɗebi nasu: liman, malaman makaranta biyu, mata huɗu, da mai motar madara. Shi ɗin da ba ya taka birki.

36.7.

Juma'a, 14 ga Yuni, safe

36.6. Likita ta ce yau da gobe ne za su nuna. Ya Allah, ni na yi, ba shi ba.

Juma'a, yamma

36.6. Ba labari. Na goge kofuna. Na sake goge su.

Asabar, 15 ga Yuni, yamma

Ba labari. Feride ta ɗora mini fliya a kan katanga. Tsakiyarta ɗanya. Na cinye.

36.5.

Lahadi, 16 ga Yuni, azahar

Jinin ya tsaya! Tun jiya da yamma bai sake zuba ba. Nas ta ce ya farka ya tambaya wa ke ba tattasansa ruwa. Tattasai! Mutum ya leƙa kabari ya dawo, abin da ya fara tambaya tattasai. Na ce, "Ki ce masa sun bushe duka, ya zo ya gani da idonsa."

Na tambaye ta ko ya ambace ni. Ta ce bai daɗe a farke ba.

36.6. Ban mutu ba, shi ma haka.

Laraba, 19 ga Yuni, la'asar

Na sake zuwa. Ta gilashi dai. Yana barci, fuska ga bango. Na tsaya awa guda ina kallon bayansa cikin rigar asibiti. Yaya Shaip yana ɗaki na gaba, shi da yake an kai shi da wuri ko haɓo bai yi ba, har yana faɗa da nas a kan gishirin miya. Ya ɗaga mini hannu. Na yi kamar ban gani ba, sannan na ɗaga.

Yau mutum biyar suka zo shan shayi. Na ba su, amma sai da kowa ya naɗe ƙafar wando na duba bayan gwiwarsa a bakin ƙofa. Wanda bai yarda ba ya koma gidansu.

Juma'a, 21 ga Yuni, yamma

36.6. Kwana goma sha huɗu cif. Valdete ta zo ba ƙyalle a baki, ta rungume ni, ta ce in ba ta littafin. Na ce ta kwafi lambobinta a tsaye ta ba ni abina.

Ta ce ran Talata za a sallami Hajriz. Na share gida sau biyu. Ina tsoro, kuma ba ciwon nake tsoro ba. Ya san abin da na ce masa ranar nan. Shi kaɗai ne bai buƙaci a ba shi labari ba.

Talata, 25 ga Yuni, bayan magariba

Ya dawo. Wando yana zame masa, gashi ya zube a gefe guda, daga mota zuwa ƙofa sai da ya huta sau biyu. Gida ya cika, takalma har bakin titi, kofuna goma sha biyu ba su isa ba sai da Feride ta kawo nata. Ya gaisa da kowa. Ni ya ce mini, "Sannu da gida," na ce, "Sannu da zuwa," kamar baƙi a tasha. Duk wunin ban yarda mun haɗa ido ba.

Da la'asar sakaliya mutane suka watse. Ya ce sai ya ga tattasai. Na ce likita ta hana. Ya tafi abinsa yana dafa shinge, ya tsaya cikin kunyoyi ya daɗe, ya dawo yana haki ya zauna kan bencin ƙarƙashin inabi. Ni ina bakin famfo ina wanke kofin da na riga na wanke.

Na ce, ba tare da na juyo ba, "Hajriz, maganar da na yi maka ranar nan..."

Ya ce, "Ƙarya kika aiko mini. Ko ɗaya bai bushe ba."

Na ce, "Ba maganar tattasai nake yi ba."

Ya ce, "Na sani. Ni ma da ƙafafuna, ba ɗaure ni kika yi ba. An ce kin haura katangar Yaya siket a yage. Wannan kam na yi baƙin cikin rashin gani."

Sai na ji yana kokawa da maɓallan riga, yatsunsa ba ƙarfi. Na juyo. Ya tuɓe ta, ya ajiye a gefe, ya juyo mini baya. Duk ƙasusuwa, da shacin jini rawaya-rawaya, da ɗan tabon nan ƙasan kafaɗa.

"Tsohuwa," ya ce, "na shiga ciyawa. Duba mini bayana."

Na ce ya jira. Na shiga na ɗauko hantsaki da tabarau. Na duba wuya, na duba hammata, na duba bayan kunne, na bi kowane ƙashi da yatsa. Babu komai. Na sake farawa daga sama.

Ya ce, "Ba ki gama ba? Ruwan me ke ɗiga mini a baya?"

Na ce, "Daga famfo ne. Zauna shiru, ban gama ba."